Sau biyu ana cire ni a zagayen farko, in sake shiga ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a wata makarantar koyon kiɗa a Jamus, shekarata 21, ƙahon Faransa nake busawa. Babana tsohon ɗan badujalar soja ne, shi ya fara ɗora min ƙaho a baki tun ina firamare. Sau biyu ina shiga gasa ana cire ni tun zagayen farko, a ta biyun ma tun sautin farko na konshaton Strauss na ɗaya (kiɗan da Richard Strauss ya rubuta wa mai ƙaho ɗaya, sauran makaɗa suna raka shi) abin ya fashe min, daga nan ban san me na busa ba har na sauko. Yanzu akwai wata babbar gasa ta duniya da za a rufe karɓar bidiyonta nan da wata biyu, kullum sai nayi awa shida a kan Strauss na biyu, leɓena ya kumbura, da safe ma ba na jin sa sosai. Wani abokina yace zai ban ƙwayar da ke kwantar da bugun zuciya. Baba kuma bai san an cire ni ba, ce masa nayi an ɗage gasar. In shiga, ko dai ba ni da baiwar ne in tattara in dawo gida?"

Wa alaikumus salam ɗana. Wannan gasar ta wata biyu ka bar ta ta wuce, kuma babu inda zaka tattara ka je. A duk wasiƙar nan abin da ya fi tsaya min a rai shi ne leɓen da kace kana wayar gari ba ka jin sa, cirewar da aka yi maka ma bata dame ni kamar shi ba, don haka da shi zan fara.

Leɓe tsoka ne, 'yar siririyar tsoka ce da ta zagaye baki, kai kuma kana matse ta tsakanin ƙarfe da haƙori awa shida kullum. In ta gaji sai sautin sama ya ƙi fita, da ka ga ya ƙi sai hannun hagunka ya ƙara jawo ƙahon ya danna a baki ba tare da ka ma sani ba, sautin ya ɗan fito, ka ji daɗi, gobe ka tashi bakin ya fi jiya kumbura, sai ka ƙara dannawa, haka ake ta yi har mutum ya ji wa kansa ciwon da sai yayi watanni yana jinya. Ka duba madubi in ka gama busa. Ɗan jan zoben da bakin ƙaho yake bari a leɓe, wanda yake ɓacewa cikin 'yan mintuna ba komai bane, kowa yana yi, amma in ka juya leɓen ka ga haƙori yayi shaida ta ciki, ko wurin ya daɗe yayi tauri kamar ba naka ba, to ka wuce gona da iri. Ka ajiye ƙahon kwana biyu ko uku cur, kar ka ma buɗe jakar. In ka dawo ka fara da dogayen sautuka a tsakiya da ƙasa, a hankali, minti ashirin ka ajiye, ka huta daidai yadda ka busa. Awa uku a rarrabe cikin yini sun ishi ɗalibi irinka, sauran lokacin ka zauna da takardar kiɗan kana rerawa da baki kana danna madannan ba tare da busa ba, wallahi aiki ne sosai kuma ba ya cin leɓe.

In bayan hutun har yanzu akwai mutuwar wurin, ko kana jin zafi kamar an soka allura, ko leɓen yana rawa da kansa in ka ɗora, to maganar likita ce ba ta Kawu ba. Kayi sa'a ƙasar da kake tana da likitocin da aikinsu kenan duba makaɗa da mawaƙa, akwai cibiyarsu a Hannover akwai a Freiburg, kuma ai kana da inshorar lafiya tunda ba a rajistar ɗalibi a can sai da ita. Malaminka ma ka faɗa masa yau ɗin nan. Na san kunya kake ji kar yace ka gaza, amma duk wanda ya daɗe yana busa ƙaho ya ga irin wannan a jikinsa ko a jikin ɗalibansa. Kuma dan Allah kar wani ya zuga ka ka canza ɗan bakin da kake ɗora leɓe a kai a wannan halin, wai ko wani zai fi sauƙin sautin sama, ƙara rikita bakin kawai zakayi.

To sai ita gasar. Kace babba ce ta duniya, ka san su waye suke shiga irinta? Yawancinsu suna karɓar mutane har kusan shekara 30, kenan kai mai 21 kana layi ɗaya da waɗanda tuni suka samu kujera a ƙungiyar makaɗa, albashi ake biyansu su busa kusan kullum a gaban jama'a. Ɗauki ta ARD, wato haɗakar gidajen rediyo da talabijin na Jamus, da ake yi a Munik tun 1952, wadda ƙaho yake zagayowa a cikinta bayan 'yan shekaru, gasa ce da ta yi suna wajen hana kyautar farko gaba ɗaya in alƙalai basu gamsu ba. Radovan Vlatković ya ci ta a 1983 yana da shekarunka, amma a lokacin ya riga ya zama jagoran masu ƙaho a ƙungiyar makaɗan rediyo ta Berlin. Radek Baborák ya ci a 1994 yana 18, shi kuma tun yana ƙaramin yaro yake cin gasa. Irin waɗannan su ake ta ba ku labari har ku ɗauka duk wanda bai yi haka ba ya makara. Ba a cika ba ku labarin Hermann Baumann ba, mutumin da waƙa da ganga ya fara yi, sai da ya kai 17 ya kama ƙaho, ya zo ya ci wannan gasar a 1964 yana da shekara 30, kuma har ya rasu a 2023 ana lissafa shi cikin manyan da aka taɓa yi. Kana da kusan shekara tara a gabanka kafin ƙofar nan ta rufu, saurin me kake yi da kumburarren baki?

Sannan ka ɗauko takardar sharuɗɗan ka sake karantawa da kyau. A irin waɗannan gasannin Strauss na biyu galibi kiɗan zagayen ƙarshe ne, abin da ake tambaya a bidiyo da zagayen farko kuwa ɗaya daga cikin konshaton ƙaho na Mozart ne da wani gajeren kiɗa. Kai da ba ka taɓa tsallake zagayen farko ba ka tare a kiɗan ƙarshe, kana ta sayen ragon suna tun ba a ɗaura aure ba. Na gane dalili, Strauss na biyu yana da burgewa, duk wanda ya ji kana yin sa ta bayan ƙofa zai ce kai wannan yaron ya iya. Amma tsoho ne mai shekara 78 ya rubuta shi a 1942 don ƙwararru, yana farawa da tsalle-tsalle sannan dogon zango babu wurin sauke ƙaho, shi ne ma nake kyautata zaton ya kumbura maka baki. Na ɗayan da ya kayar da kai ya rubuta shi ne yana 18, yaron da ya tashi yana jin babansa Franz, babban mai ƙaho na gidan opera na Munik, yana atisaye a gida. Shi ne daidai kai yanzu, kuma ba yadda zakayi ka guje masa, don in ka gama karatu ka je neman aiki a ƙungiyoyin makaɗan Jamus, mai neman kujerar sautin sama Mozart na huɗu ko na biyu da Strauss na ɗaya ake cewa ya busa, mai neman ta ƙasa kuma Mozart na uku da ɗan kiɗan nan na Neuling. Abincinka yana cikin waɗannan.

Kuma kar ka raina Mozart don ka ga alamomin sautin basu da yawa a takarda. Abokinsa Leutgeb ya rubuta wa su, a zamanin da ƙaho ba shi da bawul, wato madannan canza sauti, ko ɗaya, sai a 1818 aka yi rajistar bawul, Mozart ya rasu tun 1791. Kiɗa ne a fili fetal, babu wurin ɓuya, cikin layi biyun farko alƙali ya riga ya ji kyan sautinka, ya ji ko kana riƙe bugu, ya ji ko kana kan daidai ko ka ɗan yi sama ko ƙasa. In kana son wani abu da zai nuna hannunka ba tare da ya kashe ka ba ga Villanelle na Dukas, an rubuta shi a 1906 musamman don jarrabawar ɗaliban makarantar kiɗa ta Paris, 'yan mintuna ne amma akwai wurin da ake busawa ba a taɓa bawul, akwai na toshe ƙaho, akwai gudu a ƙarshe.

Yanzu maganar baiwa da fashewar sauti, wadda na san ita take hana ka barci. Bari in tuna maka yadda abin da ke hannunka yake. In aka warware bututun nan dogon ɓangarensa na sautin F ya kai wajen ƙafa 12, gajeren na B-flat kuma wajen ƙafa 9, kuma mai ƙaho yana yawan aiki ne a saman jerin sautukan bututun, inda suke matse da juna sosai, yatsunka suna wuri ɗaya amma sauti uku ko huɗu suna maƙwabtaka, ɗan motsin leɓe ko iska kaɗan ya jefa ka gidan maƙwabci. Shi ya sa har manyan da ake sayen tikiti a je a gani sauti yana fashe musu a gaban dubban mutane. Alƙalan da suka zauna a gabanka yawanci masu ƙaho ne, sun fi ka sanin wannan. Sauti ɗaya da ya fashe ba shi ya cire ka ba, da bakinka ka faɗi abin da ya cire ka, kace daga nan baka san me ka busa ba har ka sauko. Minti biyar ko shida ka basu na mutumin da hankalinsa yana can baya wurin sautin da ya riga ya wuce. Wannan kuwa abu ne da ake koyo, kuma ba a koyonsa ta hanyar maimaita layi ɗaya sau hamsin a ɗaki kai kaɗai, don a ɗaki in ya fashe tsayawa kake ka sake, ka saba wa kanka da cewa akwai karo na biyu, a gasa kuwa babu.

Ga abin da nake so kayi in baki ya warke. Kullum sau ɗaya, bayan ka ɗan ɗumama baki, ka ajiye ƙahon kayi minti goma ko sha biyar ba ka taɓa shi ba, don haka ake yi a gasa, a baka ɗaki ka ɗumama sannan a tsayar da kai a lungu kana jin wanda ke gabanka yana zuba abin da kai ma zaka busa, ƙahon ya huce a hannunka. Sai ka hau matakala da gudu ka sauko har ka ji zuciya tana bugawa, ka kunna rikodin a waya, ka shigo ka rusuna kamar da mutane, ka busa daga farko har ƙarshe sau ɗaya tak. Ko me ya faru ba tsayawa, ba yatsine fuska, ba girgiza kai. Kar ka saurara a take, bari sai da yamma ka saurara da fensir a hannu ka ja layi a wurare biyu ko uku, su ne aikin gobe. Bayan sati biyu ka fara jawo mutane, 'yan ajinku, mai gadin makaranta, gidan tsofaffi na unguwarku in zasu baka dama, kuma duk daren da ajinku yake wasa a gaban jama'a ka sa sunanka ko ba ka ji ka shirya ba. Ka riƙa canza lokaci ma, wataran tara na safe wataran bayan azahar, don ba kai ke zaɓar lokacin da za a kira ka ba. Takalmi da rigar da zaka sa ranar ka busa da su tun kafin ranar, kar sai a can ka gano wuyan rigar yana shaƙe ka.

Shi kuma sautin farkon nan na Strauss, fiyano zai buga sautinsa mai ƙarfi ya riƙe, sannan a bar ka kai kaɗai. Mafi yawan ɗalibai a nan suke jan numfashi su riƙe shi a ƙirji suna jiran su ji sun shirya, maƙogwaro ya ƙulle, harshe ya daki sautin da ƙarfi ya tarwatse. Sautin da zaka shiga da shi yana cikin abin da fiyano ya buga, ka ji shi a kunnenka, ka rera shi a zuci, ka ƙirga bugun, ka ja numfashi a bugu ɗaya ka saki a na gaba ba tsayawa a tsakani. In ba za ka iya rera shi da baki daidai ba kafin ka ɗaga ƙaho to caca kake yi. Ka zubar da ruwan da ya taru a bututu kafin ka shiga ko da ka zubar ɗazu, ka hura iska mai ɗumi a ciki kana jira don ƙaho mai sanyi ƙasa yake yi, ka sa zaren bawul na ko-ta-kwana da ɗan sukundireba a aljihun jaka. In baki ya bushe saboda tsoro ka ɗan ciji gefen harshe, yawu zai zo.

Ƙwayar abokinka kuwa a'a. Maganin zuciya da hawan jini ne, gaskiya ne akwai makaɗan da likita yake rubuta wa, amma ga mai asma ko wanda jininsa yake ƙasa hatsari ne na gaske, kuma rawar jiki kawai take ragewa, bata gyara kumburarren leɓe bata koya maka ci gaba bayan kuskure. In ka je wurin likitan nan ka tambaye shi da kanka.

Gasar da nake so ka nema ita ce wadda in ka busa iya abin da ka iya zaka kai zagaye na biyu. Ta cikin makarantarku, ta gidauniyoyin da suke tallafa wa ɗalibai a garinku, gwajin shiga ƙungiyar makaɗa matasa ta Junge Deutsche Philharmonie da ake yi wa ɗaliban makarantun kiɗa, duk waɗannan kuɗin jirgin ƙasa ne kawai ko ma babu. Ƙungiyar masu ƙaho ta duniya da aka kafa a 1970 ma tana taro duk shekara kuma akwai gasannin ɗalibai a ciki, har da na busa guntayen wuraren ƙaho daga kiɗan manyan ƙungiyoyi, in taron ya zo kusa da kai ka duba. Ka yi lissafin babbar gasa tsakani da Allah, kuɗin rajista, mai fiyano, ɗakin ɗaukar bidiyo, tafiya, masauki, duk don minti goma a lokacin da bakinka ba lafiya. Da wannan kuɗin gara ka je kallo. Ka zauna a zagayen farko tun safe har yamma kana rubuta wanda kake ganin zai wuce, sannan ka gwada da abin da alƙalai suka fitar, zaka sha mamakin yadda masu ƙara da gudu suke zubewa masu tsabtar bugu da daɗin sauti suna wucewa. Kuma duk gasar da aka cire ka nan gaba kar ka ɗauki jaka ka gudu tasha, da yawa suna ware lokacin da alƙalai suke gaya wa waɗanda aka cire abin da suka ji, ka shiga layin da littafinka ko da idonka ya ciko. Maganar wai alƙalai suna fifita ɗaliban abokansu zaka ji ta a kowane lungu, wani lokacin ma da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ta shafe ka ba tukuna.

Ranar da ka tashi yin bidiyon, ka tuna bakin ƙahonka baya yake kallo, abin da mai sauraro yake ji sautin da ya daki bango ya dawo ne. Kar ka tsaya labule mai kauri yana bayanka, zai shanye sautin, kar kuma ka manne da bango, ka bar 'yan taku, wayar ko makirfon tana gabanka da ɗan nisa. Kuma ɗauka ɗaya ake so ba yanke ba haɗi, kar ka yarda wani gwanin kwamfuta yace zai goge maka kuskure.

Saura Baba. Ɗana wannan ƙaryar ka warware ta cikin satin nan, don kowace waya da zakuyi sai ka ƙara mata wata, kuma nauyinta yana hawa dandamali tare da kai, kana busa kana tunanin me zaka ce a gida. Ka manta waye mahaifinka ne? Mutumin da ya yi shekaru yana busa a filin fareti, rana tana dukan ƙarfe, manyan hafsoshi suna tsaye, ba damar tsayawa ba damar sakewa, kana tsammanin sauti bai taɓa fashe masa ba? A duk danginku babu wanda zai gane abin da ya same ka kamar shi. Zai ji zafin ka ɓoye masa fiye da zafin an cire ka, don haka ka fara da ban haƙuri a kan ɓoyewar, ba kwana-kwana, kace Baba an yi gasar an cire ni, kunya ce ta hana ni faɗa. Sannan ka gaya masa maganar leɓen, ka tambaye shi yadda suke yi da baki in fareti ya yi tsawo, ka bar shi ya yi maka faɗan ya kuma koya maka abin da ya sani. In baki ya warke ka riƙa tura masa rikodin ɗin nan na sau ɗaya tak ta WhatsApp duk Juma'a, ya zama shi ne alƙalinka na farko, ina tabbatar maka kunnen tsohon ɗan badujala ba ya barin bugu ya karkace.

Ka rubuto min bayan ka ga malaminka da likita, ka gaya min abin da suka ce game da leɓen da kuma ƙaramar gasar da kuka zaɓa. Allah ya ƙara sauƙi, ka gaida Baba.